Rushewar zancen serotonin ba ta rushe maganin ciwon damuwa ba

A watan Yulin 2022 mujallar Molecular Psychiatry ta buga nazarin Farfesa Joanna Moncrieff ta Kwalejin Jami'ar Landan da abokan aikinta, inda suka ce babu tsayayyar hujjar da ke nuna cewa ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa ne ke haddasa ciwon damuwa. Wannan ɓangaren ba ni da ja a kansa. Masana da yawa sun daɗe da sakin wannan bayani, tallace-tallacen kamfanonin magani ne suka raya shi tun shekarun 1990. Inda muka raba gari shi ne hukuncin da Moncrieff ta ɗora a kai, wato tunda bayanin ya rushe, hujjar ba marasa lafiya ƙwayoyin ma ta yi rauni.

A ganina an haɗa tambayoyi biyu da ba uwa ɗaya ta haife su ba. Fiye da ƙarni biyu likitoci suka yi suna ba masu zazzaɓin cizon sauro ɓawon itacen sinkona, suna zaton gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo cutar, kafin Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jini a 1880. Bayaninsu kuskure ne, amma zazzaɓin yana sauka. Ko magani yana aiki ko ba ya yi, gwaji ne ke raba gardama. Cipriani da abokansa, a mujallar Lancet a 2018, sun tattara gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum 116,477 da magunguna 21, kuma kowannensu ya fi ƙwayar wofi, wadda ba magani a cikinta, tasiri.

Sai dai Moncrieff ba ta rasa amsa ba, kuma a nan ne hujjarta ta fi nauyi. Ta ce fifikon ƙanƙani ne. Kirsch ya nuna tun 2008 cewa tazarar ba ta wuce maki 1.8 ba a ma'aunin tsananin ciwon damuwa na Hamilton mai maki 52. Ta ƙara da cewa mai shan magani na gaskiya yakan gane shi yake sha saboda bushewar baki ko tashin zuciya, sai sa rai ya ƙara masa jin sauƙi. Ɗan abin da ya rage kuwa, in ji ta, dakushewar ji ce: baƙin ciki ya ja baya, farin ciki ma ya ja baya. Dakushewar nan gaskiya ce, marasa lafiya da yawa suna kuka da ita, kuma likitan da ya ɓoye musu bai kyauta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karanta matsakaicin adadi kamar kowa ya sami maki biyu. Stone da abokansa, a mujallar BMJ a 2022, sun bi bayanan mutum ɗaya-ɗaya a gwaje-gwaje 232 da aka miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka, suka ga cewa kimanin kashi 15 cikin 100 suna samun sauƙi mai yawa wanda ƙwayar wofi ba ta bayarwa. Da wuya a ce sa rai kaɗai ne ya tattara amfanin a kan wannan rukuni. To amma dole in taƙaita da'awata zuwa iyakar abin da wannan adadi ya ba ni: maganin yana taimakon wasu sosai, yawanci kaɗan yake ƙara musu. Wanda damuwarsa mai sauƙi ce, magani ta hanyar tattaunawa ya fi dacewa a fara da shi, kamar yadda hukumar NICE ta Ingila ta tanada a 2022. Wanda ya daina ci, barci ya ƙaurace masa, ya kasa fita nema, shi ne wanda hana shi ƙwaya zai iya zama ganganci.

Batun daina sha ma haka yake. A gwajin ANTLER na 2021, cikin mutum 478 da suka daɗe a kan magani, ciwon ya dawo wa kashi 56 na waɗanda aka janye wa a cikin shekara guda, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Ɓangaren Moncrieff sun ce janyewar ta yi sauri, kuma an ƙidaya wahalar yanke magani a matsayin dawowar ciwo. Mai yiwuwa akwai hakan a ciki. Jiri, mafarkai masu firgitarwa, da jin kamar lantarki ya fizgi kai sukan zo cikin kwanaki kaɗan bayan yankewa, alhali ainihin ciwon a hankali yake sanɗowa. Nazarin Henssler na 2024 ya kiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 ko 7 ne ke gamuwa da wannan saboda maganin kansa, ya yi tsanani ga kimanin kashi 3. Ko da an ɗauki adadin da ya fi wannan girma, abin da ya nuna shi ne a riƙa ragewa sannu a hankali, a ƙara sassautawa idan an zo ƙananan awo, kamar yadda Horowitz da Taylor suka bayyana a 2019. Bai nuna a hana farawa ba. Kuma duk wanda ya ji rabin wannan gardama ya watsar da ƙwayarsa dare ɗaya, shi ne farkon wanda abin da Moncrieff ke gargaɗi a kai zai sama.

Muhawarar an yi ta ne a ƙasashen da ake kukan magani ya yi yawa. A wajenmu abin dubawa daban ne. Amitriptyline da fluoxetine suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma na farkon, saboda araha, ya fi saurin zuwa hannu, har a kemis ba takardar likita. Shi ne kuwa wanda idan aka sha fiye da kima yake rikita bugun zuciya har ya kashe, don haka bai kamata a danƙa wa mai tunanin halaka kansa maganin wata guda a hannu ba. Wani a gida ya riƙe, ya riƙa ba shi. Sauƙi ba ya bayyana sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma ana so a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an warware. 'Yan ƙasa da shekara 25 suna bukatar sa ido a makonnin farko, bisa gargaɗin da hukumar Amurka ta sa a 2004 ta faɗaɗa a 2007. Akwai kuma tambayar da ya kamata likita ya yi wa matashi a keɓe, ba a gaban mahaifinsa ba, kafin ya rubuta ko ɗaya daga cikin biyun: ko yana shan tramadol, domin haɗuwarsu tana iya jawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa da jijjiga irin ta farfaɗiya.