Daga Jega Zuwa Jidda: Awa Biyar Ko Shekaru?

A wani zaman karatu na ƙungiyarmu an kawo labarin da jaruminsa ya bar Jega a 1930 bayan ƙaramar sallah, ya sauke farali a Makka, ya dawo gida a shekarar. Alƙalamin ya yi daɗi, amma dattijon da ke cikinmu murmushi kawai ya yi. Da ma'aunin jirgin sama aka auna tafiyar kakanni.

Tsakanin filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, da na Jidda, kimanin kilomita 3,800 ne a miƙe. Jirgi kan cinye su cikin awa biyar ko da 'yar ɗoriya. Maniyyacin Aliero ko Maiyama zai iya karyawa a gida, ya kwana a ƙasa mai tsarki. Daga wannan filin ne ma jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi ranar 15 ga Mayu, 2024.

A da kuwa, mai niyya yakan raba gado tun da ransa, ya nemi gafarar dangi, don ba lallai a sake ganinsa ba. A ƙafa ko kan jaki zai keta Kano da Barno, ya ratsa Abeche ta ƙasar Cadi, ya faɗa Darfur. In ya kai El Obeid, inda layin dogo ya iso a 1912, ya samu sauƙi har gaɓar Bahar Maliya, inda zai hau jirgin ruwa a Suwakin. Amma guzuri kan ƙare tun kafin nan. Sai a tsaya a yi ƙwadago, musamman a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, a tara na gaba. Shi ya sa tafiyar ke cin shekaru. Wasu a can suka yi aure suka hayayyafa, ba su kai Makka ba, ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu dai a ganinmu, labarin da ya fi cancantar rubutawa yana cikin waɗannan zango-zangon.

A 1925 ɗin nan ne jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar, bayan kusan mako guda suna yada zango a hanya. Jirgin ma da rarrafe ya fara.

Sudan kuma ba ta daina shiga lissafinmu ba. Da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye. Awoyi suka ƙaru, kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera.