Wasannin Bol na Jami'o'in Amurka da Yadda 'Yan Wasa Suka Fara Janye Jiki

Wasan da ake kira ƙwallon ƙafar Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga domin da hannu ake rungumar ƙwallo ana bangazar juna, ya yi jijiya a jami'o'i tun kafin a kafa gasar ƙwararru ta NFL a 1920, kuma al'adar rufe kakar wasa da abin da ake kira bol ita ma ta girmi wannan gasa. Bol wasa ne guda da wani gari ke shiryawa a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, ya gayyato jami'o'i biyu da suka taka rawar gani a kakar. An yi na farko ranar 1 ga Janairu 1902 a Pasadena ta jihar Kalifoniya, a cikin shagulgulan bikin furanni na garin, inda Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema, wasan da ya rasa armashi har aka jingine shi sai 1916. Sunan kuwa ya samo asali ne daga filin Rose Bowl da aka gina a 1922, wanda ke da siffar akushi, abin da kalmar ke nufi ke nan.

Garuruwan da suka bi sahu, wato Miami da New Orleans da El Paso a 1935 da kuma Dallas a 1937, duk na kudu ne masu ɗumi a lokacin da arewa ke fama da ƙanƙara, kuma abin da suke nema shi ne baƙin da za su cika otal-otal da kasuwanni. Da talabijin ta shigo, wasannin suka yi ta hayayyafa har suka kai kimanin 40, kamfanoni suna biyan kuɗi a liƙa musu sunayensu, jami'o'i suna karɓar kasonsu, masu horarwa suna samun ladan da aka rubuta a kwantiraginsu. Ɗan wasa kaɗai, wanda jikinsa ne jarin wannan ciniki, dokar NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta hana a biya shi albashi a wancan zamani. Rabonsa gurbin karatu ne da 'yan kyaututtuka da sunan cewa ya kare martabar makarantarsa.

Abubuwa biyu ne suka sauya lissafi. A 2011 NFL ta ɗaure albashin sabon ɗan wasa da matsayin da aka ɗauke shi a zaɓen shekara-shekara da ƙungiyoyi ke yi bi da bi, ta yadda zamewa daga sahun farko zuwa zagaye na biyu kan jawo asarar miliyoyin daloli. A 2014 kuma aka ƙirƙiro gasar fidda zakara ta jami'o'i huɗu, wadda ta mayar da sauran wasannin bol tamkar na nuni, tun da ba sa kai kowa ga kambun ƙasa. Ranar 1 ga Janairu 2016 Jaylon Smith na Notre Dame, wanda ake sa ran ɗauka cikin na farko-farko, ya yi mummunan rauni a gwiwa a wasan Fiesta Bowl, sai Dallas Cowboys ta ɗauke shi a matsayi na 34. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: a Disamban shekarar Leonard Fournette na LSU da Christian McCaffrey na Stanford suka sanar cewa ba za su buga bol ba, kuma a zaɓen 2017 aka ɗauki na farkon a matsayi na 4, na biyun a na 8, yayin da Jake Butt na Michigan, wanda ya buga Orange Bowl ya tsinke jijiyar gwiwa, ya jira har zagaye na biyar.

Tsofaffin 'yan wasa da masu sharhi sun kira wannan janyewa butulci ga abokan wasa, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya rage a fili shi ke ɗaukar nauyin wanda ya tafi. Sai dai masu horarwa sun daɗe suna yin haka ba tare da an ɗaga murya sosai ba. Brian Kelly ya bar Cincinnati a 2009 kafin Sugar Bowl, ya sake barin Notre Dame a 2021 kafin Fiesta Bowl, duk don aikin da ya fi tsoka.

Daga baya ƙofar ta ƙara faɗi. A 2018 aka buɗe rajistar sauya makaranta, inda ɗan wasa ke shigar da sunansa don wasu jami'o'i su neme shi, a 2021 kuma aka halatta masa samun kuɗi da sunansa da hotonsa, don haka a Disamba wasu kan riga sun tattara kayansu. Florida State, wadda ta ci wasanninta 13 a 2023 amma aka ƙi sa ta cikin jami'o'i huɗun, ta je Orange Bowl babu manyan 'yan wasanta da dama, Georgia ta doke ta 63 da 3. A Disamban 2024 jami'ar Marshall ta janye gaba ɗaya daga Independence Bowl bayan kocinta ya tafi, 'yan wasa da yawa suka shiga rajistar. A wannan kakar ce aka faɗaɗa gasar fidda zakara zuwa jami'o'i 12, aka mayar da manyan bol shida, wato Rose da Sugar da Orange da Cotton da Fiesta da Peach, zagayen kusa da na kusa da ƙarshe da na kusa da ƙarshe, kuma a waɗannan da wuya a ji ɗan wasa mai lafiya ya ce ba zai buga ba.