3.4 Ƙirar Tankar Yaƙi da Matsalar Gani a Dajin Birnin Gwari

Tun daga shekarar 1916 da Ingila ta fara shigar da tanka fagen fama a Faransa, masu ƙera ta suke kokawa da matsala guda. Duk kafar da aka buɗe a jikin sulke domin soja ya hango waje, ita ce kuma ƙofar harsashi. Idan aka toshe ta, sojan ya tsira daga harbi amma ya zama makaho.

Tankar T-34 ta Tarayyar Sobiyat misali ce mai kyau. Ƙirarta ta 1940 tana da sulke mai gangara wanda harsashi kan goce a kansa, sai dai mutum 2 ne kawai a hasumiyarta mai juyawa, wato kwamanda shi ne kuma maharbi, ba shi da wurin leƙe na kewaye. Tankar Jamus Panzer III ba ta kai ta sulke ba, amma tana da mutum 3 a hasumiya, kwamanda ba ya komai sai dubawa da ba da umarni. Saboda haka sau da yawa Jamusawa kan riga gani, su riga harbi. Ƙirar T-34-85 ta 1944 ce ta gyara wannan aibi.

Rundunar sojan Nijeriya ta gaji hanyoyin biyu. Vickers Mk 3 ta Ingila, wadda aka fara saye a farkon shekarun 1980, tana ɗaukar mutum 4 da igwa mai faɗin baki milimita 105, sulkenta kuwa ba mai kauri ba ne. T-72, wadda aka sayo a 2014 zuwa 2015 saboda yaƙin Boko Haram, gajera ce, mutum 3 ke cikinta domin inji ke ɗura mata harsashi. Gajartar na sa ta yi wuyar saiti, amma albarusanta na jere ne a ƙarƙashin hasumiya, ƙasan inda mutum 2 ke zaune. Da wuta ta isa wurin, da wuya wani ya fita da rai.

Dukkansu don fili aka ƙera su, inda ake hango abokin gaba daga nesa. Ƙasar Gayam da dazuzzukan Kamuku da Kuyambana ba haka suke ba. Da damina ciyawa kan wuce tsayin mutum, ga itatuwa da ƙoramu, 'yan bindiga kuma bisa babura suke, kwanton ɓauna ne dabararsu. Wanda ke leƙe ta siririn madubi ba ya ganin abin da ke dab da sarƙar tankarsa, in kuma kwamanda ya fito da kai, sulken bai amfane shi da komai ba. A Maris 2018 an kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, ba da igwa ba, da farmakin bazata ne, abin da ke nuna cewa gani da wuri ya fi kaurin ƙarfe muhimmanci a wannan yanki.

Wannan ne ya sa motar sulke mai tayoyi ta fi dacewa da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Ezugwu, wadda DICON ta ƙera tare da injiniyoyin soja, aka kuma ƙaddamar a Kaduna a Disamba 2019, doguwa ce mai tagogin gilashin da harsashi ba ya hudawa, an kuma tsara ƙasanta domin jure nakiya. Tsayin nata yana ba sojoji damar hango kan ciyawa, ko da yake shi ne kuma ke sa a hango ta tun daga nesa.