Daga Dokar Nafata Zuwa Wayar Salula: Tarihin Rigimar Sutura

Mai karatu, in ka ji ana cacar baki kan shigar 'yan fim, kada ka ɗauka kyamara ce ta kawo wannan rigima. Ta girmi kakan kakanka, kuma ƙasar Zamfara shaida ce.

Wajen 1786 Shehu Usman Ɗanfodiyo ya shigo Zamfara, ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi. Mata suka riƙa halartar majalisinsa, har wani malami, Mustafa Gwani, ya soki cakuɗuwarsu da maza. Abdullahin Gwandu ya mai da masa martani cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Manufar Shehu ita ce su zo su yi karatu, amma su rufe al'aurarsu.

Da jama'a ta yi ƙarfi, sai Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Ka ji fa! A lokacin hukuma ce ke tuɓe mayafi, talaka na kare shi. Wannan takurawa na cikin abin da ya kai ga hijirar 1804.

Bayan kusan shekara 200 sai reshe ya juye da mujiya. Ran 27 ga Oktoba, 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Aka rufe gidajen silima, aka raba maza da mata a motocin haya. Guguwar ta isa Kano, inda aka dakatar da harkar fim a Disambar 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001.

Amma abin da ya girgiza masana'antar a 2007 bai bi ta gaban hukumar ba. Hoton tsiraicin wata 'yar wasa ne da aka ɗauka da wayar salula, ba ma fim ba ne, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Aka tsai da shirya fim na wata shida, ɗaruruwan matasa suka rasa abinci. Ita aka tsine wa. Masu tura hoton kuwa ba wanda ya ce musu kanzil.

To, mai karatu, kunyar da addini ya koyar ta shafi mai kallo kamar yadda ta shafi wanda ake kallo. Doka na iya garƙame silima, amma ba ta shiga aljihunka.