Tsallen Gora: Wasan da Aka Haifa a Farfajiyar Makaranta

A cikin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, babu wanda ya dogara ga kayan aiki kamar tsallen gora. Ɗan wasa yakan sheƙo a guje riƙe da doguwar gora, ya kafa gindinta a wani ɗan rami, ya ɗaga jikinsa da ita ya haye sandar da aka gicciya a sama. Malamin motsa jiki a Dogarawa ko Malbaza ko Illela da ya ga haka a talabijin zai iya cewa wannan wasan masu hali ne, ba ruwan kolejin karkara da shi. Tarihin wasan bai goyi bayan wannan zato ba.

Tun da daɗewa manoman Firisland, a ƙasar Holan, suna tsallake magudanan ruwa da dogayen sanduna, amma nisa suke nema, ba bisa ba. Wanda ya mayar da abin darasi malamin makaranta ne Bajamushe, GutsMuths, da ya koyar a Schnepfenthal, ya kuma bayyana yadda ake riƙon gora da yadda ake ɗaukar gudu a littafinsa na 1793 kan motsa jikin matasa. Sandunan farko na icce ne, masu nauyi, ba su tanƙwaruwa. Saboda haka wasu ƴan wasan Ingila suka ƙirƙiro dabarar hawan sandar hannu bayan hannu idan ta miƙe tsaye, har aka haramta hakan. A wasannin Olamfik na farko, a Atina a 1896, William Hoyt na Amurka ya ci da mita 3.30 kacal.

Da shigowar ƙarni na 20 aka koma ga gorar Asiya, mai sauƙin ɗauka, kuma a zamaninta ne aka yi mutumin da ya fi cancanta malamai su san sunansa. Cornelius Warmerdam ɗan manomi ne a jihar Kalifoniya. Da reshen icce ya fara, a gonar mahaifinsa, yana dira a kan tulin ƙasa. A 1940 ya zama na farko da ya haye mita 4.57, a 1942 ya kai 4.77, kuma shekara 15 aka yi ba a karya wannan bajinta ba. Malamin sakandare ne a lokacin. Bai taɓa zuwa Olamfik ba, domin yaƙin duniya na biyu ya hana na 1940 da na 1944. Gorarsa ba ta jefa shi sama kamar ta yau. Duk abin da ya samu daga gudunsa ne, da ɗaga hannuwa bisa kai kafin ƙafa ta bar ƙasa, da lilon jiki a miƙe kamar guga a bakin rijiya, sannan jan jiki da juyawa a ƙarshe. Dira kuwa a kan rairayi ko garin katako ake yi, don haka dole mutum ya koyi sauka da ƙafafunsa.

Yaƙin ya yanke hanyar gora daga Asiya, aka koma ga ƙarfe da alminiyam. Abin da aka ƙara da su bai taka kara ya karya ba: Don Bragg ya kai 4.80 a 1960. Sauyi na gaske ya zo da gorar zaren gilashi, wadda take lanƙwashewa kamar baka ta adana ƙarfin gudu, sannan ta miƙe ta mayar da shi. George Davies ya kafa bajinta da ita a 1961, Brian Sternberg ya kai mita 5 a 1963, katifun soso suka maye gurbin rairayi, aka fara faɗuwa da baya. Sergey Bubka ya haye mita 6 a Paris a 1985. Okkert Brits na Afirka ta Kudu ya kai 6.03 a 1995. Mata sai a Sidni a 2000 aka buɗe musu ƙofar Olamfik, jinkirin da ba shi da wata hujja, kamar yadda Yelena Isinbayeva ta nuna da ta haye mita 5 a 2005.

Abin lura shi ne Vitaly Petrov, wanda ya horar da Bubka tun yana yaro, bai gina koyarwarsa kan tanƙwara gora ba. Ya nace ne kan gudu mai ƙaruwa har taki na ƙarshe, da kafa gora hannu a sama, da tashi kafin gorar ta ɗauki nauyi, wato kusan darasin Warmerdam. Lissafi ma ya yarda: gudun mita 10 a daƙiƙa ɗaya, idan aka juya shi duka zuwa sama, yana ɗaga jiki kimanin mita 5. Armand Duplantis, da ya haye 5.90 a 2017 yana ɗalibin sakandare a Luwiziyana, ya kuma kai 6.30 a Tokiyo a 2025, an san shi da saurin gudu kafin komai.

Lanƙwasar tana da nata haɗari. A makarantun Amurka an yi asarar rayukan matasa da suka faɗa gefen katifa ko cikin ramin kafi. Shi ya sa a 1995 aka wajabta wa ɗalibi amfani da gorar da aka auna daidai nauyinsa ko fiye, a 2003 kuma aka faɗaɗa katifun dira. Makarantar da ba ta da katifa ba ta da ikon gicciya sanda sama, ko da ɗalibai sun matsa.

Amma matakin farko bai buƙatar katifa, kuma da shi masu horarwa suke farawa har a ƙasashen da kaya suka wadata. Ɗalibi yakan riƙe gora mai ƙwari, marar tsaga, kaɗan bisa inda hannunsa yake kaiwa a tsaye. Ya ɗauki taki huɗu ko shida, ya kafa gindinta cikin rairayin da aka kabce, hannun sama a miƙe. Mai riƙo da dama yana tashi da ƙafar hagu, ya wuce ta gefen dama na gorar, ya dira da ƙafa biyu yana fuskantar gaba. Nisa ake aunawa, kamar yadda manoman Firisland suke yi, ba a kuma ɗaga wurin riƙo sai gorar tana wucewa gaba kowane karo ba tare da ta dawo da yaron baya ba. Ramin tsallen nisa da ake da shi a filin makaranta ya isa wannan aiki, rairayi kuwa kwarin Maggiya bai rasa shi ba, daga Dogarawa har Ƙonni.