Silsilar Ƙwaryar Nono a Ƙasar Kankiya da Kusada

Duk wanda ya taɓa sammako a hanyar Katsina zuwa Kano, ya iso Kankiya da hantsi, ya san matan Fulani da ke fitowa daga rugage a jere, kowace da ƙwaryarta rufe da faifai, ludayi da mara a kai, suna tafiya cikin natsuwa irin ta wanda ya gaji sana'arsa kaka da kakanni. Sana'ar ta girmi kwaltar da suke tsallakawa, ta girmi jihar Katsina da aka ƙirƙira a 1987, ta ma girmi jihadin da ya kawo Malam Ummarun Dallaje kan mulkin Katsina, domin tun kafin wannan zamani makiyayi da manomi sun riga sun ƙulla mu'amala: wannan ya ba da gero da karan gona, wancan ya ba da nono da taki. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Kusada a farkon 1851 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, kuma littafinsa ya sha ambaton fura a matsayin guzurin matafiya da abin tarbar baƙo.

Asalin hikimar kuwa larura ce ta haife ta. Madarar da aka tatsa da asuba, a ƙasar da rana ke da ƙarfi irin tamu, ba ta kai yamma ba ta sauya, saboda haka mace takan dafa ta, ta bar ta ta huce, sannan ta zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe, ta ajiye a inuwa, kafin gari ya waye ta daskare ta zama kindirmo. In ta kaɗa shi ta kwashe man shanu, abin da ya saura shi ne tsala, wanda talaka ke dama furarsa da shi. Wannan ɗan ragowar da ake tsallakarwa daga ƙwarya zuwa ƙwarya shi ne ruhin al'amarin, kuma ni ina ganinsa tamkar isnadin da malamai ke kiyayewa, domin nonon yau ya karɓa daga na jiya, na jiya daga na shekaranjiya, har a tuƙe ga ƙwaryar wata kaka da ba wanda ya riƙe sunanta.

Silsilar ta gamu da jarrabawa. A wajejen 1891 annobar bushiya ta ratso ƙasashen Sudan ta kusa ƙarar da shanu, ta sake dawowa a 1983, kuma ba a shelanta kawar da ita daga duniya ba sai a 2011. Jangali ya matsa wa makiyaya a zamanin Turawa, burtali ya ƙuntata, a shekarun nan kuma fitinar satar shanu ta tarwatsa rugage da dama a jihar. Duk da haka ƙwarya ba ta daina zuwa kasuwa ba.

Abin da matan suka sani da tajriba, likitoci sun daɗe kafin su gano dalilinsa. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya bayyana cewa wasu halittu ne masu rai, waɗanda ido ba ya gani, ke sa tsami. A 1905 wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya ware ƙwayar da ke daskarar da nonon ƙasarsu, sannan a 1907 Ilya Mechnikov ya wallafa ra'ayinsa cewa shan nono mai tsami na da hannu a tsawon ran manoman can. Yau an tabbatar cewa hanjin ɗan Adam gida ne na ƙwayoyin da yawansu ya yi kusa da na ƙwayoyin halittar jikinsa baki ɗaya, suna narkar da dusar hatsin da ciki ya kasa, suna haɗa wasu sinadarai masu amfani, suna kuma tare wa miyagun ƙwayoyi wurin zama. Na cikin nono kuwa suna cinye sukarin madara su mayar da shi tsami, shi ya sa mutumin da madara ke murɗa wa ciki yakan sha kindirmo ya kwana lafiya, tsamin kuma yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Subhanallahi, Suratun Nahli ta lissafa nono cikin ayoyin da aka umarce mu mu yi tafakkuri a kansu, ga shi kuwa tafakkurin bai ƙare ba.

Irin wannan aiki ne ke gudana a cikin gasarar koko da kalwar daddawa, sai dai su wuta kan kashe ƙwayoyinsu kafin a ci, alhali na nono da ransu suke isa ciki. Wannan falala kuwa amana ce, domin ƙofar da mai amfani ke shiga ta nan mai cutarwa ke bi: madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko tarin fuka da zazzaɓin da ke kama mutum daga dabba, ruwan da ake tsinka nono da shi kuma, in ba mai tsabta ba ne, shi ke jawo gudawa, ko da an kaurara nonon da garin kuka.

A 2001 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara wa ƙwayoyin nan masu amfani ta'arifi da sunan furobayotik, yanzu ga su a kantunan magani da tsada. Ba na ƙin magani in likita ya rubuta, amma ina roƙon mutanen Kankiya da Kusada, da masu iko a cikinsu, su san darajar abin da ke hannunsu: a yi wa shanu rigakafi, a kai ruwa mai tsabta kusa da rugage, a bar burtali a buɗe, a kuma biya mai nono haƙƙinta ba tare da tauyewa ba. Muddin tana da abin tatsa da wutar dafawa, ba za ta manta da ajiye ragowar yau domin ƙwaryar gobe ba.