Tarihin Horas da 'Yan Agaji da Jarraba Ƙwarewarsu a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Da wuya a yi wani babban taro a ƙasar Hausa a yau, ko sallar Idi, ko Maulidi, ko tafsirin watan azumi, ko tashin alhazai, ba a ga 'yan agaji cikin kakinsu suna kai da kawo ba. Bayin Allah nan ba su da albashi, lada suke nema. Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar sahu, su ne na farko da za su taɓa shi, kuma abin da hannunsu ya aikata a 'yan mintocin farko yakan zama sanadin tsira ko na rasa rai. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi diddigin yadda ake horas da masu wannan aiki, da yadda ake tabbatar da cewa sun iya abin da aka koya musu.

Kafin Zuwan Turawa

Bahaushe ya daɗe da sanin agajin gaggawa. Wanda ya karye akan kai shi wurin maɗori, mai ƙurji ko mai neman ƙaho ya tafi wurin wanzami, mai naƙuda a kira mata ungozoma, wanda ya nutse a nemo masunta. Kowace sana'a daga cikin waɗannan tana da hanyar tace masu shigarta. Ɗan wanzami yakan shekara da shekaru yana ɗaukar zabira, yana wasa aska, yana kallon hannun ubansa, kafin a bar shi ya yi wa yaro aski. Kaciya kuwa sai an ga hannunsa ya faɗa. A gari akwai Sarkin Aska, wanda ke da ikon tsawatar wa duk wanda ya yi ganganci. Wato dai jarrabawar ta aiki ce, a gaban wanda ya iya. Raunin wannan tsari shi ne babu abin da aka rubuta, saboda haka idan uba ya gaji kuskure, haka zai gadar wa ɗansa.

Asalin Tsarin Zamani

A shekarar 1859 wani ɗan kasuwa mutumin Suwizalan mai suna Henri Dunant ya tarar da dubban sojoji kwance cikin jini bayan yaƙin Solferino a ƙasar Italiya, babu mai kula da su. Ya tara matan garin da ke kusa suka taimaka iyakar iyawarsu. Daga nan ya yi kira da a riƙa horas da 'yan sa-kai tun lokacin zaman lafiya. Wannan kira ne ya haifar da ƙungiyar Red Cross a birnin Jeniba a 1863.

Koyar da talakawa agajin gaggawa a aji kuwa, ƙungiyar St John ta Ingila ce ta shahara da shi. An kafa sashenta na koyarwa a 1877, kuma a 1878 wani likitan soja mai suna Peter Shepherd ya koyar da ajin farko na jama'a a unguwar Wulic ta birnin Landan. Abin lura a nan shi ne zaman aji kaɗai ba ya sa a ba mutum takardar shaida, sai likita ya jarraba shi ya ga yadda yake ɗaure rauni da tsayar da jini. Lambar yabo kuma sai wanda ya sake zama jarrabawa a shekarun da suka biyo baya. Rundunar masu kaki sai a 1887 aka kafa ta, shekara goma bayan an kafa sashen koyarwa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan jeri: ilimi ne ya riga, jarrabawa ta biyo, kaki ya zo daga baya.

Shigowarsa Nijeriya

Ayyukan Red Cross sun fara a Legas a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙarƙashin ƙungiyar Birtaniya. A 1960 aka yi dokar da ta kafa ta Nijeriya mai cin gashin kanta, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya faɗaɗa aikinta ƙwarai. A Arewa, makarantu ne babbar ƙofar da wannan ilimi ya shigo ta cikinta. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1970 mun ga yadda ɗan sikawut ba ya samun bajen agajin gaggawa sai ya ɗaure hannun abokinsa da ƙyalle mai kusurwa uku a gaban malami.

Daga baya ƙungiyoyin addini suka rungumi aikin. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962 a ƙarƙashin jagorancin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Fityanul Islam a Kano a 1963. Ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Kowacce ta kafa rundunarta ta agaji, kuma ta wannan hanya kalmar "ɗan agaji" ta shiga kowane ƙauye. Babu mai musun hidimar da suka yi a sansanonin alhazai, da asibitoci, da wuraren ambaliya da gobara. Sai dai a abin da na gani a tarurruka da dama lokacin ina aikin gwamnati, fareti da tsare layi sukan ci mafi yawan lokacin horo, kuma akan ƙara wa mutum igiya saboda daɗewa da biyayya, ba tare da an sake duba hannunsa ba.

Dalilin Sake Jarrabawa

Wani zai ce wanda ya koya ai ya koya. Tarihi bai goyi bayan haka ba, domin ilimin kansa yana sauyawa. A da akan kifar da wanda numfashinsa ya tsaya, a danna bayansa, a ɗaga hannayensa. A 1960 likitoci a birnin Baltimo na Amurka suka nuna amfanin danna ƙirji, a shekarar kuma aka ƙera mutum-mutumin roba a ƙasar Norwe domin koyon aikin. Har bayan haka ƙa'idar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Kafin 2005 mai ceto shi kaɗai yakan danna ƙirjin baligi sau 15 ya hura numfashi sau 2, daga shekarar aka mayar da shi 30 da 2. A yau ana so a danna sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6.

Haka batun saran maciji yake. Tsofaffin littattafai sun koyar da tsaga wurin, da tsotse dafin, da ɗaure gaɓa tamau. Yanzu an hana duka, ana so a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na tsawon lokaci, ba a shafa mata manja ko man goge baki. Ɗan agajin da ya yi kos shekara talatin da suka wuce bai sake komawa ba, zai cutar da mutum da zuciya ɗaya. Ga kuma mantuwa, domin hannun da ba ya aiki yakan yi tsatsa. Wannan ne ya sa a Ingila takardar agajin gaggawa ta ma'aikata take mutuwa bayan shekara uku.

Kammalawa

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Shawarata ga shugabannin rundunonin agaji da malaman makaranta ita ce, jarrabawa ta zama ta aiki: a shimfiɗa mutum-mutumi, a ce wa ɗalibi ga wanda ya faɗi, a zuba masa ido. Mai jarrabawar ya kasance likita ko ma'aikacin jinya wanda ba shi ya koyar ba, a yi ta da Hausa domin kada rashin Turanci ya kayar da mai hannu, a rubuta ranar mutuwar takarda a jikinta, kuma kada a ƙara wa kowa igiya sai ya sabunta ta. A horas da mata sosai, domin akwai gidajen da namiji ba ya shiga. Red Cross da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da masu koyarwa da za a iya gayyata, kuma Ranar Agajin Gaggawa ta Duniya, Asabar ta biyu a watan Satumba, ta dace da wannan gwaji kowace shekara. Allah Ya saka wa 'yan agaji da alheri, Ya sa mu dace.